Ranar da Haka-ne Ya Yi Ra'ayi

A ofishinsu ba mai kiran maigidana da sunansa. Haka-ne suke ce masa, shi kuma yana amsawa. Mataimaki ne ga Darakta, aikinsa riƙe jaka, buɗe ƙofar mota da gyaɗa kai. Daraktoci sun zo sun wuce, kowanne da irin nasa haukan, Baban Auta bai taɓa saɓa wa ko ɗaya ba. Idan Darakta ya ce yau ana zafi, sai ya ciro hankici. Idan ya ce a'a, da ɗan sanyi-sanyi, sai ka ga ya mayar da hankicin ya sa maɓallin wuya.

A gida ma haka yake. In tambaye shi me za a dafa, ko wace makaranta za a sa yara, amsar ɗaya ce: "Duk yadda kika gani." Mata suna ce mini na yi dacen miji mai haƙuri. Ni kuwa wani lokaci ji nake kamar da madubi nake zaman aure.

Sai ga maganar kwas ta taso. Hukumarsu za ta tura mutum ɗaya ƙasar waje karatu, in ya dawo a ɗaga shi zuwa irin kujerar da maigidana ya tsufa yana buɗe wa masu ita ƙofa. Darakta ya ce shi ya zaɓa, ladan biyayya. Saura abu biyu: ya ci jarrabawar Turanci, Darakta kuma ya sa hannu a ƙarshe. Mun san ba za a sake yi masa irin wannan tayin ba, don ritaya ta fara leƙo shi.

Karatu da rubutu ba su dame shi ba, sauraro kuwa ai sana'arsa ce. Ɓangaren magana ne ya zama ƙarfen ƙafa. Mutum zai zauna gaban mai jarrabawa, a ba shi batu ya yi minti biyu yana zuba, sannan a tambaye shi ra'ayinsa da dalili. Muka ɗauko malamin lesin. Bai daɗe da farawa ba ya same ni a falo, rai a ɓace.

"Maman Auta, Turancinsa ba shi da laifi," in ji shi. "Amma na tambaye shi ko birni ya fi ƙauye daɗin zama, sai ya tsura mini ido. Na sosa gira, ya ce birni. Tari ya zo mini, ya ce ƙauye. Na tambaye shi wanne ne dai, ya ce wanda na fi so."

"To yaya za a yi da shi, Malam?"

"Masu jarrabawar nan an horar da su, ba fara'a, ba ɗaure fuska. In bai ga abin karantawa a fuskarsu ba, zai zauna ne kamar an dasa shi. Ku nemo masa wanda fuskarsa ba ta faɗin komai, ya riƙa gwaji da shi."

Yarana duka suka juyo suka kalle ni. A ɗakin kati na asibiti nake aiki, bayan wata 'yar taga. Wanda ya yi kuka, da wanda ya yi zagi, da wanda ya ce shi ƙanin babban likita ne, duk fuska ɗaya suke samu a wurina. Ban san har a gida an lura ba.

Muka fara zama a teburin cin abinci kullum da yamma. Na ajiye waya tana ƙirga lokaci, na ɗaura fuskar aiki, na tambaye shi da Turanci ko ya kamata yara su riƙa riƙe waya. Ya dubi idona, ya dubi bakina, ya dubi hannuna.

"Ya danganta da yadda Yallaɓai ya gani."

"Ba Yallaɓai a nan."

"To ke me kika gani?"

"Ni ba ni da gani. Mai jarrabawa ce ni."

Malamin lesin ya ba shi tsari: ka faɗi ra'ayinka, ka kawo dalili, ka ba da misali daga rayuwarka, ka ɗan duba ɗaya ɓangaren, ka rufe. Ya ce a sa shi maimaitawa har bakinsa ya riƙa tashi kafin tsoro ya iso. Ni kuwa na sa abin a gaba. Yana aski in jefa masa tambaya. Yana ɗaura igiyar takalmi in ce motar haya ko keke. Har Auta ta koyi tare shi a ƙofar banɗaki.

Ranar da bakinsa ya buɗe, cewa na yi ya faɗi abu ɗaya da zai so ya canza a gidansa. Ya ce labulen falo. Labulen da na zaga kasuwa na zaɓo da kaina, ya ce launinsa na sa masa ciwon kai tun ranar da aka rataya shi. Misalinsa kuwa, shi ya sa yake zama yana bai wa taga baya, mu muna zaton kunyar maƙwabta yake ji. Daga nan abin ya ɓalle. Ashe ba ya son shayi da madara. Ashe ziyarar yayana ta ƙarshen mako, wadda yake tarba da dariya har kunne, yana da dalilai a kanta, na farko da na biyu. Na riƙe fuskata, na ce masa maki ya yi kyau. Na ji haushi, ba zan ɓoye ba. Amma na ji wani daɗin da ban taɓa ji ba, ashe akwai mutum a cikin rigar nan.

Abin mamaki, da Turanci kawai yake da ra'ayi. Da na kashe wayar na koma Hausa na ce to a sauke labulen, sai ya ce duk yadda na gani.

Ana saura kwana kaɗan jarrabawa sakatariyar Darakta, wadda muke mutunci da ita, ta kira ni ina tsakiyar aiki. Ta ce in samu wuri in zauna. Baƙi ne suka zo daga ƙasar waje, masu tallafa wa hukumar, Darakta ya baje musu zanen famfon ado mai feshin ruwa da yake so a gina a ƙofar ofis. Wannan ofis kuwa, banɗakunan samansa sun manta kamannin ruwa. Don baƙi su ga yana shawara da na ƙasa, sai Darakta ya juya ga Baban Auta, da fuskar nan ta manya wadda ba ta faɗin komai, ya ce da Turanci, "Kai me ka gani?"

"Wallahi Maman Auta," in ji sakatariya, "gyara zama ya yi, ya ɗora hannu a kan tebur. Ya ce a ganinsa ɓarnar ruwa ce. Ya kawo dalili na farko, ya kawo na biyu. Ya ce misali, shi da kansa yake hawa da bokiti banɗakin Yallaɓai kowace safiya. Har ya ce a ɗaya ɓangaren tsuntsaye za su amfana. Bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Wata baturiya ma ta yaba masa Turanci."

"Darakta fa?"

"Da aka tashi, da kansa ya ɗauki jakarsa."

Kafin a tashi daga aiki an sa sunan wani daga sashen sufuri, wanda ya fi kowa tafa wa famfon, a gurbin kwas. Baban Auta kuma an mayar da shi ɗakin tsofaffin fayil.

Ya shigo gida da wuri, ya zauna a falo bai ko cire takalmi ba. Tausayinsa ya kama ni, don da hannuna na wasa wuƙar nan. Na kori yara, na zauna kusa da shi.

"Baban Auta, gobe ka je ka ba shi haƙuri. Ka ce shirin jarrabawa ne ya juya maka kai. Bai riga ya aika sunan ba, zai iya sauka."

"Ba zan je ba."

Da Hausa ya faɗa. Na dube shi da kyau.

"To jarrabawar fa? Me za ka yi da ita yanzu?"

"Zan shiga. An ce mutum zai zauna ya saurare ni minti biyu bai katse ni ba, kuma bai riga ya san abin da yake so in ce ba. Ina so in ga irin wannan mutumin. Ban taɓa samun wanda ya tambaye ni don yana son jin amsa ba."

"Ni fa? Tun aurenmu nake tambayarka."

"Kina tambaya, Maman Auta. Amma ke ma sai kin gama yanke hukunci kike tambaya."

Na buɗe baki zan ce ya yi mini sharri, sai na ga ya gyara zama yana jirana, da dalilansa da misalansa a shirye. Na rufe bakina, na tashi na ɗora ruwa a wuta.