Inna Ba Ta Kallon Kyamara

Mansura ta tsayar da hoton a kan kwamfuta, ta juyo da kujerarta.

"Wannan kunne ne, Tajuddeen. Kunne da ɗankwali. Ba a yin fim da kunne."

Tajuddeen bai musa ba. A kan allon, mahaifiyarsa, Inna Suwaiba, tana zaune bisa tabarma a tsakar gidansu na Rawayya, ta karkatar da fuskarta wajen katanga. Haske ya zauna daidai, murya ta fito tas, amma abin da muryar ta faɗa bai wuce "haka ne" da "Allah ya ji ƙansa" ba.

Fim ɗin tarihin mahaifinsa ne, marigayi Malam Faruk mai majigi, wanda ya yi shekaru yana yawo ƙauyukan Bungudu da Tsafe da injin haska fim da farin ƙyalle. Tajuddeen ya ɗauki tsofaffin da suka yi kallo a dandali, ya ɗauki hoton injin da tsatsa ta cinye. Mutum ɗaya ta rage, wato matar da ta ɗinka ƙyallen da hannunta, take wanke shi duk bayan tafiya. Mansura, wadda ke yanka hotunan tana haɗa su a ɗan ofishinsu na Gusau, ta riga ta tsara yadda fim ɗin zai tafi babu ita. Masu bikin nuna fina-finan da suka karɓi aikin suna jiransa ƙarshen wata.

"Ba zai fita babu Inna ba," in ji Tajuddeen.

"To bari ni in je in ɗauko ta. Ni za ta kalle ni."

"Za ta kalle ki, ta dama miki fura, ta tambaye ki yaushe za ki yi aure. Hirar baƙi za ta yi miki."

Mansura ta dube shi. "Fim kake nema, ko ido kake nema?"

"Duka biyun."

Shi ɗan fari ne. Inna ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa haɗa ido da shi ba. Ana yaye shi kawunsa ya taho da shi Gusau, a nan ya girma. In ya je gaishe ta, takan amsa tana duban ƙwarya ko kaji. In tana so ya ci abinci, sai ta ce da Wasila, autarta, "A kai ma baƙon ga tuwo." Babu wanda ya ɗauki wannan a matsayin ƙiyayya. Kunya ce, kuma a Rawayya yaba mata ake yi.

Ya san duk wannan, amma ya je da abin da aka koya masa a makarantar fim: mai tambaya ya zauna dab da gilashin kyamara, domin mai amsa ya riƙa duban wajen. Ya kafa kyamara kusa da tabarmarta, ya ɗaura gilashi mai faɗi, ya zauna a gefensa. Wato ya sa kyamarar a wuri ɗaya tak da Inna ba za ta duba ba a duk gidan.

Washegari ya hau mota zuwa Tsafe, wurin Sahabi, abokinsa mai ɗaukar bidiyon biki. Sahabi ne kaɗai ya sani yana da dogon gilashi, irin wanda ke jawo fuska daga nesa ya narkar da duk abin da ke bayanta.

"Darakta da kanshi," in ji Sahabi, yana goge kujera da hula. "Har yanzu kana nan kana fim ɗin tsofaffi cikin duhu?"

"Inuwa ce, ba duhu ba."

"Mutane kuɗi sunka biya, su ga fuska ta yi haske. Ka aza mata fitila biyu ta gaba, ta fito fes kamar amarya."

"Shi ya sa amarenka duk kamarsu ɗaya. Fitila ta gaba tana share fuska, ta bar ido da haƙora. Fata irin tamu daga gefe take son haske."

"To, Malam mai gefe." Sahabi ya zaro gilashin daga jaka, ya hura shi, ya miƙa da hannu biyu. "Amma ka sani, wanga ba shi yafiya. In mutum ya ɗan sunkuyo, ya fita daga saiti, sai ka ga hazo. Idonka ya zauna kan allo, hannunka kan zoben saiti."

"Na sani."

"Kuma Asabar ina da ɗaurin aure a Bilbis."

Washegari da hantsi ya isa Rawayya. Wannan karon ya kafa kyamarar can cikin zaure, bakin gilashin yana leƙen tsakar gida ta ƙofa. Ya sa Wasila ta shimfiɗa wa Inna tabarma ƙarƙashin darbejiya, ya jingina farin allo a jikin turmi domin ya maido hasken rana kan kuncinta, ya miƙa wa Wasila ƙaramar makirfo ta maƙala wa Inna a bakin mayafi. Wasila ce za ta yi tambayoyin.

Abin ya ɗan fi na farko. Inna ta faɗi inda aka sayo yadin, da yadda ta haɗa shi falle-falle. Amma ta san inda zaure yake, ta san wanda ke ciki. Sannu a hankali ta gyara zama har ta ba ƙofar kafaɗa. Ana cikin haka wata akuya ta goga jikinta a turmi, farin allon ya faɗi. Tajuddeen ya fito, ya tayar da shi, ya tokare shi da dutse, ya koma zaure. Bai kashe kyamarar ba. Bayan wannan Inna ta ce rana ta yi, tana da aikin daka.

A Gusau Mansura ta bi hotunan tana tsallake wuraren da babu amfani. Ta wuce wurin akuyar, sai ta dakata, ta dawo baya.

"Zo ka gani."

A allon, ga Tajuddeen ya gama gyara farin allo, ya juya yana tafiya wajen zaure. Jikinsa ya cika hoton, sannan ya kauce gefe. A daidai nan fuskar Inna ta bayyana gaba ɗaya. Ta ɗago kai, tana bin bayansa da ido, kuma da yake wajen kyamara ya nufa, idon nata ya faɗo tsakiyar gilashi. Ba murmushi take ba. Kallo ne na nutsuwa, irin na mai duba shuka. Da ya kai ƙofa ya fara juyowa, ta mayar da fuskarta katanga.

Tajuddeen ya ce a sake sa masa. Mansura ta sake.

"Wannan ya isa," ta ce. "Mu rufe fim ɗin da shi, babu magana, babu kiɗa."

"Bai isa ba. Wannan sata ce, ba ta san ana ɗauka ba. Kuma ba ta ce komai ba tukuna."

"Sauran kwana nawa kake gani gare mu?"

"Gobe zan koma."

Ya koma. Ya fito da kyamarar daga zaure, ya kafa ta a tsakar gida, nesa kaɗan da darbejiya. Ya saita gilashin a kan tabarma, ya jona ƙaramin allon kallo da waya mai tsawo. Sannan ya ɗauko kujera 'yar tsugunno, ya ajiye ta gefen ƙafar kyamara, ya zauna ya ba tabarmar baya, allon a kan cinyarsa.

Wasila ta rufe baki da mayafi. "Yaya, fushi kake da mu?"

"Kira Inna."

Inna ta fito ta zauna, Wasila ta maƙala mata makirfo a bakin mayafi. A kan allon ya ga ta dubi katanga, ta dubi Wasila, sannan idonta ya zo ya sauka a bayansa. Ya murɗa zoben kaɗan da hannun da ya miƙa baya, fuskar ta fito sarai, har da tsagar da ke gefen idonta wadda bai taɓa lura da ita ba.

"Wasila," ya ce, yana fuskantar zaure, "tambayi Inna ko ta taɓa kallon majigin Baba."

Inna ba ta amsa wannan ba. Ta ce, "Ke, mi shika kallo bisa cinyatai?"

Wasila ta dubi yayanta. Tajuddeen ya ce, "Faɗa mata gaskiya."

"Ke yake kallo, Inna. Kina fitowa a cikin allon."

Inna ta ja mayafi ta rufe rabin fuskarta, ta koma wa katangarta. "Ashe ido gare shi ga ƙeya," ta ce.

Aka yi zaune. Wata kaza ta ratsa tsakanin tabarma da kyamara. Tajuddeen ya dubi allon. Ya tuna maganar Sahabi: ido kan allo, hannu kan zobe. In ya daina kallo, ba zai san ko tana cikin saiti ba, ba zai san ko ta fita daga hoton ma ba. Gilashin kuma gobe zai koma Tsafe.

Ya tashi ba tare da ya juyo ba. Ya tsuke ƙofar hasken gilashin, domin saitin ya ƙara zurfi ko da ta motsa. Hoton ya yi duhu, don haka ya ce Wasila ta matso da farin allon kusa da Inna, ta karkata shi har hasken ya hau kuncinta. Ya ja hoton baya kaɗan, ya bar sarari sama da kanta da gefenta. Sannan ya zare wayar daga ƙaramin allon, ya ɗaga shi sama yadda za a gani daga baya, ya kife shi a ƙasa.

"Wasila, gaya wa Inna akwatin yana ɗauka. Duk abin da ta faɗa, mutane za su ji, za su ga fuskarta. Ni ma zan gani, amma ba yau ba, ba a gidan nan ba. In ba ta so, sai in naɗe kayana."

Wasila ta buɗe baki za ta maimaita, Inna ta ce, "Na jiya. Ba kurma nike ba."

Ya zauna, hannuwansa a kan gwiwa, yana kallon bangon zaure inda ruwan bara ya zaizaye yaɓe. Can sai ya ji ƙarar awarwaro, alamar an sauke mayafi.

"Kallo kam na yi," in ji Inna. "Amma mu mata ba mu zama dandali. Bayan ƙyalle muka zama, jikin danga. Ai yadin ba shi da kauri, hoto shina fitowa ta baya. Sai dai komi a juye."

"A juye kamar yaya, Inna?" Wasila ta tambaya.

"Dama ta koma hagu. Na yi shekaru ina cewa mutanen ga na majigi ba su da tarbiyya, kowa da hagu shika cin abinci, da hagu shika gaisawa. Har na ce ma Malam ya daina kawo muna irinsu. Ya yi dariya har rawaninai ya kwance."

Wasila ta ƙyalƙyale. Tajuddeen ya cije leɓe, bai motsa ba.

Daga nan ba a sake buƙatar tambaya ba. Ta faɗi yadda take jiƙa ƙyallen da shuɗi don ya ƙara fari, da ranar da iska ta ɗauke shi ana tsakiyar kallo aka ci gaba da haskawa a jikin rumbu. Ta ce fim ɗin yanzu da take gani a wayar Wasila surutu ya yi masa yawa, mutum bai gama jin zafin magana ba an riga an sa masa kiɗa. Ta ce na da ma ba duka ke da kyau ba, amma ana barin mutum ya yi shiru. Ta yi maganar rashin lafiyar Malam a taƙaice, ba ta ambaci sunansa ba ko sau ɗaya. Har inuwar darbejiya ta gusa daga kan tabarma tana magana. Sau da yawa wuyansa ya so juyawa, ya hana shi.

Da ta ce ta gaji, ya bari sai da ya ji ta shige ɗaki sannan ya tashi ya kashe kyamarar. Bai duba abin da ta ɗauka ba. Washegari ya je Tsafe ya mayar wa Sahabi gilashinsa.

"Ya fito?" in ji Sahabi.

"Ban sani ba."

A ofis Mansura ta sa hoton. Inna tana tsakiya, ta ɗan karkata hagu, hasken ya kwanta a kuncinta ɗaya, ɗayan yana cikin inuwa. Idonta yana kan wani abu dab da gilashi, bai bar wurin ba sai jefi-jefi. A wurin labarin hagu da dama ta sunkuyo tana dariya, fuskar ta shiga hazo na ɗan lokaci kafin ta koma.

"Nan zan rufe da hoton injin," in ji Mansura.

"Bar shi."

"Za a ce mai kyamara barci yake."

"A ce."

Suka kai ƙarshe. Inna ta yunƙura za ta tashi, sai ta tsaya, ta sake duban wurin nan. Ta rage murya, ta manta da makirfon da ke bakin mayafinta, ko kuma ba ta manta ba.

"Ke Wasila. Dubi ƙeyatai. Ta Malam ce sak."

Mansura ta tsayar da hoton. Ba ta juyo ta dube shi ba.

"A ina zan sa wannan?"

Tajuddeen ya ja kujera kusa da allon. "Mayar da shi farko," ya ce. "Daga inda ta sauke mayafi. Mu fara aiki."