Madubin da Ake Naɗewa

Tun yana saurayi Yaya yake yanka gilashi yana dakonsa zuwa gidajen mutane, har bayansa ya ranƙwafa. Shi ya ɗauki ɗawainiyar karatun ƙanwarsa Auta bayan rasuwar mahaifinsu. Yanzu Auta injiniya ce a cibiyar da ke ƙera madubin na'urar hangen taurari, irin wadda ake harbawa sararin samaniya. Ranar gwajin sabon madubinsu ta gayyace shi.

Aka sa masa farar riga da safar hannu.

"Tiyata za a yi mini?" in ji shi.

Auta ta ɗauko wani abu mai sheƙi, mai ɗan zurfi, faɗinsa ya kai babban tire. "Yaya, riƙe mini."

Ya ware ƙafafu, ya gyara tsayuwa kamar yadda ya saba. Tana ɗora masa, hannuwansa suka yi sama.

"Ke! Ina nauyin?"

"Babu. Kamar leda yake. Roka ba za ta iya ɗaukar ƙaton gilashi ba. Irin wannan kuwa naɗe shi za a yi, sai an je can a warware, ya tattaro hasken da ido ba ya gani."

Ta karɓa, ita da abokan aikinta suka fara naɗe shi kamar tabarma. Yaya ya kau da kai, ya ce zuciyarsa ba za ta ɗauka ba.

Da aka warware aka ɗaure shi a firam, sai ga layukan awo a kwamfuta duk sun karkace. Auta ba ta ko ɗago ba. Ta kunna wata fitila, tana haska bayan madubin wuri-wuri, ɗumin yana miƙar da inda ya tanƙware. Sannu a hankali layukan suka miƙe.

"Ya koma daidai," in ji shugaban cibiyar. Tafi ya ɓarke.

Yaya ya matsa kusa da shi. "Ranka ya daɗe, tsakani da Allah, ita ta yi?"

"Dabararta ce, Baba. Mu taya ta muka yi."

Yaya ya fita baranda ya kira matarsa. Daga ciki kowa yana jin muryarsa.

"Tara mini yaran nan su ji. A'a, ba anjima ba, yanzu! Ki ce gwaggonsu ce."

Auta ta sunkuyar da kai tana dariya, ta rasa da me za ta share ido.