Kafso a Cikin Shayi

Wata uku maiɗakina tana ci kamar mai aikin ƙarfi, amma kullum ƙara ramewa take. Abin da ta ci da safe, kafin rana ta take ya fita, da maiƙo a samansa. Zoben hannunta sai da ta naɗa masa zare don kada ya suɓuce.

A asibiti muka sami likita, wata mace mai tabarau. Ta ce akwai wata 'yar tsoka a bayan tumbi, ita ke fitar da sinadarin da ke narkar da mai da nama da hatsi, to ta maiɗakina ta gaza. "Abincin wucewa kawai yake yi, jiki ba ya samun rabonsa." Ta rubuta kafso, ta ce biyu tare da lomar farko, duk lokacin cin abinci.

Matsalar, matar nan tawa ba ta iya haɗiyar kafso. Ko ƙaramar ƙwaya ce sai ta shaƙe, idonta ya yi ja. Ni kuwa shekara ashirin da biyu ina gidan burodi, ba a kawo mini matsala in tsaya kallonta. Na ɓare kafson, na zazzage 'yan ƙwayoyin ciki a shayi mai tafasa, na murƙushe su da cokali, na labta sukari don ya kashe ƙarnin.

Ta ce, "Baban yara, anya haka aka ce a yi?"

"Magani dai ciki za shi. Ta ƙofa ko ta taga, duk ɗaya ne."

Mako shida ina yi, sau uku a rana, ban taɓa fashi ba. Ba abin da ya canza. Yayarta ta zo da gwanda da abarba cike da leda, wai ta ji a rediyo suna da irin sinadarin. Ta dube ni sama da ƙasa.

"Mai Burodi, kai da kake kumbura fulawa buhu-buhu, matarka ɗaya ta gagare ka?"

Maganar ta ci mini rai, kuma ba a kan Yaya na huce ba. Da ta tafi na ce wa maiɗakina zubar da shayin take in na juya baya. Ta rantse, na ce ƙarya ne, ita ce ba ta son warkewa. Daga ranar nake tsaya mata a ka sai ta shanye da zafinsa. Har harshenta ya saluɓe, tana sha hawaye na ɗiga a kofin.

Da muka koma asibiti aka ɗora ta a sikeli, ta ƙara zubar da kilo biyar. Likita ta tambayi yadda take shan maganin. Na karɓe bayanin da bakina, har da ɗaga kafaɗa.

Ta cire tabarau ta ajiye. "Malam, mece ce sana'arka?"

"Burodi."

"In ka zuba yis a tafasasshen ruwa, me zai faru?"

"Ya mutu ke nan. Kwaɓin ba zai tashi ba."

"To wannan ma zafi ke lalata shi. Kuma rufin da ka murƙushe, shi ke kare shi daga tsamin tumbi har ya isa hanji. Mako shida ruwan sukari take sha."

A gidan burodi, wanda ya zuba mini yis a ruwan zafi, ranar yake barin aiki. Mutum biyu na kora a kan haka.

Yaya, da ta rako mu, ta tambaya ko gwanda za ta wadatar. Likita ta ce ta ci, tana da amfani, amma ba za ta maye gurbin maganin ba. Aka ba maiɗakina gado, aka sa mata ƙarin ruwa.

Washegari na je da filas da burodi mai zafi. Na tarar Yaya ta tallafo kan ƙanwarta, tana ba ta kafso da kofin ruwan sanyi. Ta shaƙe sau biyu, a na uku kafson ya wuce. Na miƙa hannu zan gyara mata matashi, ta kau da kai.

"Ajiye kayanka can, Baban yara. In an sallame ni gidan Yaya zan wuce, sai na yi nama."

"Gidanki fa?"

"A can ko ban warke ba, ba mai ce mini maƙaryaciya."