Jan Idona da Makullin Bas

Duk shekara, idan damina ta zo ƙarshe, ciyawa ta fitar da kai, idanuna sai su kaɗa su yi ja kamar garwashi. Hanci ya dinga zuba. Atishawa goma a jere, har ƙirjina ya yi ciwo. Tun ina aji uku na sakandare haka nake. Wata biyu nakan yi a ciki, sai ya tafi da kansa. A layinmu Jan Ido suke ce mini, har tsofaffi.

Baba direba ne. Shekara ashirin da bakwai yana jan bas ɗin ma'aikatan wani kamfanin buhuna da ke bayan gari. Ƙarfe shida na safe ya kwaso su, ƙarfe huɗu ya mayar da kowa unguwarsa. Bana gwiwarsa ta gaji da taka kuloci. Manajan sufuri ya ce masa, "Ranar ɗaya ga wata ka kawo mini wanda ka yarda da shi. Wanda ka kawo, shi zan ba makulli. Ba zan tambayi komai ba."

Kowa ya san ni ne. Tun da na gama makaranta nake gefensa a motar nan. Na yi lasin. Na san giya ta biyu sai an lallaɓa ta, na san birkin hannu yana ƙarya. Shekara biyu ina wanke ta. Ba ni da wani abu a duniya sai wannan ɗaya ga wata.

Saura kwana ashirin abin ya faru.

Bayan katangar kamfanin fili ne, ciyawa zalla, ta kai ƙugu. A nan muke fakawa mu jira a tashi aiki. Ranar iska na kaɗowa daga filin, idona kamar an zuba barkono. Akwai wasu 'yan ƙwayoyin mura da nake saye a kemis ɗin bakin titi, ƙanana, ruwan ɗorawa. Ɗaya ta daina yi mini aiki, na sha biyu. Da muka sauke mutum na ƙarshe, Baba ya ce in karɓi tuƙin. Na karɓa. A danja ta biyu na tsaya, wuta ja. Abin da na sani kuma sai hon ta ko'ina, da hannun Baba a wuyan rigata.

"Sauka."

Na sauka, na zagaya.

Washegari Umma na wanki ta ciro fankon ƙwayoyin daga aljihun wandona, har guda huɗu. Ta kai wa Baba. Ya jera su a kan tabarma kamar katin karta.

"Mene ne wannan?"

"Maganin mura."

"Mura wata biyu? Murar da ke kwantar da mutum a kan sitiyari?"

"Kowace shekara ina yi, Baba. Ka sani."

"Abin da na sani ke nan yanzu. Ashe kowace shekara kana yi."

Ni dama magana ba ta dame ni ba. Idan na ga mutum ya riga ya gama yanke hukunci, bakina nauyi yake yi.

Da yamma Baffa ya zo, yayan Baba. Shi ma yana da ɗa mai lasin, sa'ana, muna ce masa Gajere. Baffa ya ɗaga fankon, ya juya shi, ya leƙa idona kamar mai sayen akuya.

"Ai haka suke farawa," ya ce da Baba. "Maganin mura, maganin tari. Dubi idon. Wannan idon lafiya ne?"

Yayata kaɗai ta ƙi yarda. Tana aure a wata unguwar, tana aiki a ofishin kati na babban asibiti. Ta zo ranar Asabar, ta riƙe haɓata ta kalle ni sosai.

"Kai, ɗan ƙwaya ba ya atishawa haka. Akwai wata likita a wajenmu, aikinta ke nan, masu irin ciwon da jiki ke ƙin wani abu. Zan sama maka lamba. In ka ƙi zuwa, ni zan fasa maka kai kafin Baba."

"To, Yaya."

"To, Yaya," ta kwaikwaye ni. "Sai ka ce ana cajinka kowace kalma."

Sai ranar Alhamis ta sama aka samu gurbi. Ɗakin likitar ƙarami ne, a hawa na biyu, ƙarshen baranda. Tagogi a rufe, fanka na juyawa a hankali. Mace ce mai tabarau, gashin girarta ya fara fari. Ta yi ta tambaya. Wane wata yake farawa? Safe ko yamma? A ɗaki ko a waje? Idan an yi ruwa yakan lafa? Na ce yakan lafa. Ta gyaɗa kai kamar ta ga wanda ta sani.

"Ina zargin garin furen ciyawa," ta ce. "Ba ka ganinsa, iska ke ɗauke da shi. Jikinka ya ɗauke shi abokin gaba. Amma sai mun gwada. Matsala ɗaya ce. Ƙwayar da kake sha tana ɓoye sakamakon gwajin. Ka bar ta kwana bakwai, ko ɗaya kada ka sha. Za ka ji jiki, ina gaya maka tun yanzu."

Na ji jiki.

Kwana bakwai ɗin nan, hawaye da majina ba su tsaya ba. Na murza ido har fatar ta kumbura. Ganɗata tana ƙaiƙayi, cikin kunnena yana ƙaiƙayi, inda yatsa ba ya kaiwa. Na kasa zama wuri ɗaya, in shiga ɗaki in fito, in fito in shiga. Baba ya hana ni bin mota, don haka ina tsakar gida kowa na kallona.

Baffa ya dawo a kwana na huɗu. Ya tsaya a bakin ƙofa, ya naɗe hannu a baya.

"Ka gani ko? An raba shi da ita, jikinsa ke nemanta. Haka ɗan mai wankin motar nan ya yi, har birgima."

Matan layi suka fara shigowa wajen Umma bibbiyu, muryarsu ƙasa-ƙasa, kamar masu gaisuwar rashi. Ɗaya ta ce, "Allah ya shirya." Umma ta ce amin. Ina jin ta ta taga. Wannan amin ɗin ta fi mini komai ciwo.

Ranar Alhamis na koma. Saura kwana huɗu ɗaya ga wata. Nas ta sa na miƙe hannu a kan tebur, cikinsa sama. Ta rubuta lambobi da biro tun daga wuyan hannu har gwiwa, layi biyu. Gefen kowace lamba ta ɗiga ruwa daga wata 'yar kwalba, ta soka da ɗan tsinke. Sha huɗu. Ta ce kada in sosa, minti goma sha biyar. Kafin lokacin ya cika wurare uku sun tashi, sun yi ja, ɗaya ya kai girman wake.

Likita ta auna su da rula.

"Ga mai laifin," ta ce. "Ciyawa, iri biyu, da wata bishiyar gefen titi. Shekara nawa kana fama?"

"Shida."

"Shekara shida ba wanda ya kawo ka?"

Ta rubuta mini feshin hanci kowace safiya, da maganin ɗigawa a ido, da wata ƙwaya dabam wadda ba ta sa barci. Ta ce in na shigo gida in wanke fuska in canza riga. Kada a shanya kayana a waje idan ana iska. A mota in ɗaga gilashi idan zan wuce fili. Baɗi kuma in fara feshin sati biyu kafin lokacin, kada in jira ya kama ni. Ta ce takardar sakamako sai Litinin, in an buga an sa hatimi.

Na dawo gida da la'asar. Na tsuguna bakin famfo zan yi alwala, na naɗe hannun riga. Ruwa ya wanke lambobin biro, ya bar hudojin. Layi biyu, a kumbure. Ban ji shigowar Baba ba, sai inuwarsa na gani.

Ya daɗe yana kallon hannun.

"Har an kai ga allura," ya ce. Ba tambaya ba ce.

"Asibiti ne."

"Asibiti."

Na san ya kamata in tashi in ɗauko ledar magani, in kira Yaya a waya, in yi bayani tun daga farko. Amma mutumin da na zauna gefensa shekara biyu, wanda ya ga ko sigari ban taɓa riƙewa ba, shi ne yake kallona haka. Na ce a raina, Litinin takarda za ta yi magana, in ga inda zai sa fuskarsa. Na sauke hannun riga na wuce masallaci.

Bai jira Litinin ba. Ranar Juma'a da safe ya ɗauki Gajere ya kai wa Manaja.

Umma ce ta gaya wa Yaya, Yaya ta zo kamar za ta cire ƙyaure. Ban taɓa jin ta ɗaga wa Baba murya ba sai ranar.

"Baba, ka yi haƙuri, amma wallahi sai ka taka ka je ka ji da kunnenka. Ni na karɓar masa katin da hannuna."

Ya je. Ranar Litinin, ɗaya ga wata, mu uku muka hau benen nan, Baba yana jan gwiwa, yana riƙe da ƙarfen bene. Likita ta ba shi kujera, ta gaishe shi da girmamawa. Ta nuna masa takarda, ta nuna masa kwalaben, har ta sa nas ta kawo tsinken ya gani. Ta ce jan idon nan ciwo ne, ba shaye-shaye ba. Ta ce satin da ya ga na fita hayyacina, ita ta hana ni magani.

Baba ya saurara, hularsa a gwiwa. Na ga kunnensa ya motsa, yadda yake yi idan inji ya canza sauti. Ya yarda. Na ga lokacin da ya yarda. Na jira ya juyo ya kalle ni.

Bai juyo ba. Ya gyara zama ya ce, "Likita, tambaya ɗaya. Waccan ƙwayar ta farko, mai ruwan ɗorawa. Ana tuƙi da ita?"

Ta kalle ni ta saman tabarau. Na san ba za ta yi ƙarya ba, ban ma so ta yi ba.

"A'a, Baba. Ba a tuƙi da ita, tana sa barci. Amma wadda yake sha yanzu..."

"Na gode," ya ce, ya sa hula. "Allah ya saka da alheri."

A baranda Yaya ta tare gabansa.

"To yanzu sai ka koma wajen Manaja. Yau ne ma ɗaya ga wata."

"In ce masa me? Na kai mutum ranar Juma'a na ce na yarda da shi. Yau in ce na fasa? Ɗan yayana ne."

"Ni kuma ɗan wa ne?" na ce.

Sai a lokacin ya kalle ni. Kwana huɗu da fara ɗiga magani, idona ya fara washewa. Ya kalle shi, ya kau da kai.

"Ka ji dai abin da ta ce. Ba a tuƙi da ita. Mutum talatin nake ɗauka."

"Ta ce na yanzu ba ya sa barci."

"Da ka buɗe baki ranar Alhamis."

"Na ce maka asibiti ne."

"Ka faɗa kamar mai zagi."

Ya kama ƙarfen bene ya fara sauka, ƙafa ɗaya-ɗaya. Yaya ta tsaya da takardar a hannu, hatimin ko gama bushewa bai yi ba. Ta miƙo mini. Na ninke ta huɗu na sa a aljihu.

Maganin yana aiki, ba zan ci amanar likita ba. Feshi biyu kowane hanci da safe. Ina wanke fuska, ina canza riga. Umma ta ɗaura igiya a cikin ɗaki don kayana. Atishawa ta tsaya. Idona fari tas, rabon da in gan shi haka a wannan watan tun ina yaro. Baffa bai sake leƙa shi ba. Matan da suka zo jaje babu wadda ta dawo. A layi har gobe Jan Ido ne.

Na koma wajen likita bayan wata ɗaya. Ta haska hancina ta ce ya yi kyau.

"Tuƙin fa?"

"Babu."

Ta rubuta mini ranar da zan fara feshin baɗi.

Shida saura kwata bas ɗin yake wucewa ta bakin layinmu. Baba yana zaune a ƙofar gida a kan benci, ƙafa a miƙe, ni ina tsaye da buta. A daidai kwanar layin, Gajere yake neman giya ta biyu da ƙarfin tsiya, sai ta yi ƙara kamar ana niƙa tsakuwa. Kullum Baba sai ya runtse ido.

Jiya Gajere ya rage gudu, ya leƙo ta taga yana dariya.

"Jan Ido! A rage maka hanya?"

Gilasansa duka a sauke, zai bi ta filin ciyawa, shi ko a jikinsa. Na ɗaga masa hannu ya wuce. Baba ya bi motar da kallo har ta sha kwana.

"Zai kashe giyar nan," ya ce, ba tare da ya dube ni ba.

Na zubar da sauran ruwan butar na shiga ciki.