Tururuwa a Cikin Ludayi

A shekarar da aka fara yaƙin basasa Rabi ta haifi Manniru a unguwar Sabo, wata biyu bayan mijinta Maharazu ya shiga soja. Ta daɗe tana fama da ciwon fuka, kuma hayaƙin itacen wankan jego ya tayar mata da shi. Abin da ke taimakonta shi ne wani ɗan bututu da aka ba ta a asibiti, wanda take matsawa ta shaƙi maganin ta baki.

Surukarta, Inna Safara'u, ba ta yarda da bututun ba. Ranar da jaririn ya wuni yana kuka, ta sa Rabi ta tatsa nono a ludayi, ta jefa tururuwa a ciki, kamar yadda ake gwada nono a garinsu. Tururuwar ta yi shure-shure, ta mutu.

"Kin gani? Iskar Turawan nan ta ɓata shi. Ko ki bar ta, ko ki bar shayarwa."

"Inna, in na bar ta numfashi ba ya isata."

"To, zaɓi numfashinki, 'yar nan. Jikana dai ba zai sha guba ina kallo ba."

Ma'aikaciyar jinyar da ta koya wa Rabi shaƙar maganin ta koma Gabas tun bara, babu wadda za ta tambaya. Ta jure kwana huɗu ba magani, har ta yanke jiki ta faɗi a bakin rijiya. Daga nan ta koma shaƙar maganin, aka mayar da Manniru kan madarar gwangwani, ana dama ta da ruwan randa. A mako na uku zawo ya kama shi, maɗigarsa ta faɗa.

A asibiti, likita ya tambayi dalilin cire shi daga nono. Rabi ta kwance bakin zanenta ta nuna masa bututun.

"Baiwar Allah, wannan huhu yake zuwa. Abin da ke kaiwa ga nono kaɗan ne ƙwarai. Ki ba shi nono ya sha yanzu."

Ta yi bisimilla ta kai bakinsa ƙirjinta. Ya tsotsa sau biyu, bai samu komai ba. Kafin la'asar Allah ya karɓi abinsa.

Bayan addu'ar uku, Rabi ta fito alwala ta tarar da Inna tsugune a bayan randa. Inna ta ɗebo ruwa zalla a ludayin nan, ta jefa tururuwa. Su biyun suka tsaya suna kallo har tururuwar ta daina motsi.