Dutsen da Baba Ya Dafa

A ƙauyen akwai yara masu son kiɗa da zane, akwai kuma malamin da zai koya musu. Wurin koyo ne babu. Sai mutanen gari suka yanke shawarar gyara tsohon ramin fasa dutse, a gina azuzuwa a bakinsa, a yi dandalin biki a ƙasansa.

Auta tana cikin masu koyon ganga. Babanta kuwa a ramin nan ya yi aiki tun yana saurayi, har ƙarar nakiya ta cinye masa kunne. Da aka fara kwashe tsakuwa kowa ya fito da baronsa, ban da shi.

"Baba, ranar buɗewa ni zan fara kaɗawa," ta ce da ƙarfi, tana kwatanta masa da hannu.

"In je in kalli hannunki yana sama yana ƙasa, sai ka ce mai korar kaji?" Ya yi dariya, amma bai ɗago kai ba. "Ramin nan ya riga ya ci rabonsa a jikina."

Auta ba ta haƙura ba. Ta lura ko tulu Baba zai saya, sai ya dafa shi da tafin hannu, ya ƙwanƙwasa, ya san ko da tsaga. Inna ta ce haka masu fasa dutse ke gwada dutse kafin su sa guduma.

Daga nan kullum bayan darasi sai ta ja yayanta zuwa ramin. Ta jingina ganga da bangon dutse ta kaɗa, shi kuma ya dafa bangon.

"Yaya, ka ji wani abu?"

"Na ji yunwa dai."

"Matsa gaba, malalaci!"

Suka yi ta zagaye har suka dace da wani faffaɗan dutse kusa da dandali, mai karkarwa in ganga ta taɓa shi.

Ranar buɗewa ta kama hannun rigar Baba ta ƙi saki, har ya biyo ta yana mita. Ta ɗora tafinsa a kan dutsen, ta jingina gangarta, ta fara. Baba ya ƙara manna tafinsa a jikin dutsen. Can sai yatsunsa suka soma bin kiɗan.

Da ta gama ya ce, "Kin yi sauri a tsakiya, Auta. Sake."

Ta sake. Ranar ta gane Baba yana jin ta sarai, in dai ta kai kiɗan inda hannunsa yake.