Gangar Jirgin Baba Obadiah

Hayaƙin da ya tashi bai kai na ashana ɗaya ba, amma warinsa ya cika ɗakin. Na fizge wayar daga bango, na tsaya riƙe da ita ina kallon ɗan kan jirgin da ya ƙame a tsakiyar gada. Baba Obadiah yana kwance a bayana, barcin bayan azahar ya kwashe shi, bakinsa a buɗe. Bai motsa ba. Na taɓa jirgin da yatsa, ya ƙona ni.

Ni ce Batulu, ɗinki nake yi, kuma shekara shida ke nan ƙofata tana kallon tasa a gidan hayarmu na Durumi. Baba mutumin Kafanchan ne. Da ƙuruciyarsa shi ke zuba wa jirgin ƙasa kwal, daga baya ya zama direba, da ƙarfi ya ƙare ya koma gadi a Maitama. Baturen da ya yi wa gadin ne, da zai tafi gida, ya bar masa wannan abin wasa: katako mai faɗin dardumar sallah, layin dogo ya zagaye shi, da gada, da tudu, da tasha guda. Kan jirgin bai fi ɗan yatsana tsawo ba. Tun da hannun Baba ya fara rawa, ni ce nake ɗora masa shi a kan layi, don hannun da ya saba da zura zare a allura ba ya jin wuyar wannan.

A bakin tashar akwai mutane tara, kowanne kamar ƙwayar shinkafa. Ni na shafa musu fenti da tsinken sakace, kuma sai da na gama na bakwai ya gaya mini ko su wane ne. Duk matattu ne. Mai farin ɗankwali matarsa ce, Serah. Ranar na koma ɗakina na wanke hannu har sau uku, ban san abin da nake wankewa ba.

Asalin gangar jirgin ja ce, da rubutun ƙasar Baturen a gefe, kuma Baba bai taɓa sonta ba. "Serah ba za ta gane wannan ba," in ji shi. "Kore take jira." Saboda haka 'yarsa Christina, wadda ke aikin jinya, ta sa aka yi masa sabuwa a wajen Leonard, mai gyaran waya a kasuwar Utako, wanda ke da injin da ke fitar da siffar abu da roba. Koriya ce da ratsin rawaya, sak irin wadda Baba ya tuƙa. Ana cire tsohuwar kamar hula, a kifa sabuwar a kan ƙarfen da ke ɗauke da moto da ƙafafu. Na kifa ta ranar Litinin. Amma ba mu ga ta yi tafiya ba, don adaftar da ke ba layin wuta ta lalace tun ruwan da ya zo da tsawa, kuma sabuwar da Christina ta yi oda ba ta iso ba.

"Volt takwas, Maman Ikhlas," Baba ya sha gaya mini. "Wannan abu ƙarami ne, cikinsa ba ya ɗaukar wuta da yawa. Takwas. Ko ɗaya kar ya ƙaru."

Na ji, amma ji irin na wadda hankalinta ke kan wuyan riga. Likita ya riga ya ce wa Christina ta kai shi gida ya huta, mun kuma san abin da hakan ke nufi. Kullum idonsa na kan koren jirgin nan. Sai na ce bari in yi abin kai. Na ɗauko cajar kwamfutar mijina, na gwada bakinta a ramin adaftar da ke jikin katakon, ya shige daidai kamar don shi aka yi. A gidanmu haka muke gane caja, in baki ya shiga, shi ke nan. Niyyata ya farka ya tarar da jirginsa yana zagaye. Jirgin ya zabura da gudun da ban taɓa gani ba, ya hau gada, ya yi ɗan ƙara, ya tsaya.

Abin da na yi bayan nan ya fi ƙona moton muni, kuma har yau kunyarsa nake ji. Na cire gangar, na naɗe ƙarfen cikin a hankici na tura a jaka. Gangar kuwa na mayar da ita kan gada, na tallafe ta da guntayen ashana biyu ta ciki. Daga gado ba mai cewa babu komai a cikinta.

Washegari na tafi Utako. Leonard ya sa gilashi a ido, ya shinshina ƙarfen, ya ɗago ya dube ni.

"Madam, wane charger ka sa masa?"

"Ta kwamfuta."

"Nineteen volts." Ya girgiza kai. "Abin da ke cin takwas. E don burn, ya ƙone. Irin wannan moto babu shi a Abuja, sai order, sati uku."

"Mai shi ba shi da sati uku."

Ya juya abin a tafin hannu. Ya ce akwai wani ɗan moto a cikin tsohuwar kyamara, zai gwada ya fere masa wurin zama, kuma zai haɗa mini adaftar da ba za ta wuce takwas ba ko masu wuta sun yi hauka. In dawo ranar Asabar.

Kwanakin da suka biyo baya na yi su ne ina ƙarya. Duk la'asar in na kai masa kunu sai ya nuna katakon da haɓa.

"Adafta bai zo ba?"

"Ba ta zo ba, Baba."

Ranar Alhamis adaftar Christina ta iso, tsiyar oda ke nan, sai ta zo lokacin da ba a nemanta. Christina ta jona ta a bango, ta tafi aiki. Baba ya ce in kunna. Na ce an ɗauke wuta.

Ya ɗaga ido sama a hankali, ni ma na bi idonsa. Fanka tana juyawa a kanmu.

Na durƙusa a gefen gadon na faɗa masa duka, ina kuka kamar wadda aka kama da hannu a tukunya. Ya saurare ni har ƙarshe, sannan kafaɗunsa suka fara girgiza. Na ɗauka tari ne, ashe dariya yake.

"Bakin ya shiga daidai, ko?"

"Ya shiga, Baba."

"Ni ma na yi. Ranar farko da aka ba ni shebur, na cika wa injin kwal don oga ya ce ina da ƙoƙari. Saura kaɗan in kashe wutar gaba ɗaya." Ya numfasa. "Na san babu komai a ciki tun Talata. Jirgi mai ciki ba haka yake zama a kan layi ba."

"Asabar zan karɓo. Wallahi Asabar za ka ga ya zagaya."

"Asabar," ya maimaita, kamar sunan garin da bai taɓa zuwa ba. Sai ya juya kansa wajen katakon. "Kin ji?"

"Me, Baba?"

"Ya busa. Ya baro gada."

Ban ji komai ba sai fanka da kukan awaki a waje. Amma da zan fita ban yarda na kalli tashar ba.

Kafin in kai ƙofa ya kira ni. Ya ce in buɗe gwangwanin da ke ƙarƙashin katakon, akwai mutum ɗaya da ya rage ba fenti, in yi masa shuɗiyar hula irin ta ma'aikatan reluwe. Na ce ba zan yi ba. Ya ce, "'Yata, hannuna ba ya iyawa." Na yi. Na tambaye shi inda zan ajiye shi, ya ce in tsayar da shi a kan gada kusa da jirgin, direba ba ya barin injinsa.

Asabar da hantsi na kama hanyar Utako. Leonard ya cika alkawari. Ya ɗora ƙarfen a kan guntun layi, ya jona masa batir, ƙafafun suka juya a hankali, sumul. Na naɗe shi a hankici, na riƙe a hannu, ban ko yarda na sa a jaka ba. A gadar Area One aka yi cunkoso, ruwa ya tsuge, na yi fiye da awa a cikin mota ina zagin kowa a zuciyata.

Tun daga bakin layinmu na hango takalma a ƙofarsa. Matan cocinsu sun fara waƙa ƙasa-ƙasa. Na shiga da jiƙaƙƙen mayafi, na tarar an rufe shi da farin zane, an kashe fanka. Christina tana zaune a ƙasa, idanunta sun kumbura. Da ta gan ni ta kama hannuna.

"Aunty, na gode. God bless you. Ya gani kafin ya tafi."

"Ya ga me?"

"Jirgin mana. Ina kitchen ina dama masa akamu, wajen sha ɗaya, na ji yana tafiya, cik-cik-cik, irin yadda yake yi da. Na ji Daddy yana dariya. Na ce ashe Aunty ta gyara. Da na shigo da kofi ya riga ya tafi." Ta share hanci. "Yaushe kika shigo ban gan ki ba?"

Ƙarfe sha ɗaya ina tsaye a shagon Leonard. Baba kuwa kwana uku ke nan ko zama ba ya iya yi sai an tallafe shi, kuma tsakanin gadonsa da katakon akwai taku huɗu. Na ce Allah ya ba mu haƙuri, na matse hankicin a tafina har ƙarfen ya huda ni.

Sai da mata suka fita da Christina tsakar gida sannan na matsa wajen katakon. Adaftar tana ƙasa, wani ya zare ta ya jona cajar waya a wurin. A kan gada babu komai sai guntayen ashanata biyu, a tsaye yadda na kafa su. Ƙurar kwana biyar ta kwanta a kan tudu da rufin tasha, amma layin dogon yana sheƙi, siraran zare biyu, tun daga gada har kwana, har gangare.

Koriyar gangar tana bakin tasha, ta tsaya daidai inda jirgi ke tsayawa. Na ƙirga mutanen da ke jiranta da ido, sannan na sake ƙirgawa da yatsa. Goma ne. Mai shuɗiyar hula yana tsaye kusa da mai farin ɗankwali, kafaɗarsu ta kusa haɗuwa.

Na kwance hankicin, na ajiye ƙarfen a gefen katakon, ban kifa masa gangar ba. A waje ruwan ya tsagaita, matan suka ɗauki baiti na biyu.